Yayana Ya Koma Ɗan Shekara Sha Tara

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Masu turo mini saƙo suna tambaya, "Ina labarinki da Gola, ko an fasa ne?" ku kwantar da hankalinku. Ba a fasa ba, amma kuma ba a yi ba. Abin da ya faru a gidanmu daga Alhamis zuwa yau Asabar ya isa ya sa mutum ya manta lambar wayarsa. Waɗanda kuma yau suka fara karanta ni, ku matso in nuna muku mutanen gidan, in ba haka ba za ku ɗauka ƙarya nake shirgawa.

Babanmu tsohon ma'aikacin ofishin ruwa ne, shekara talatin yana buga hatimi a takarda. Amma a unguwa ba wanda ya san shi da wannan, Koci kowa yake ce masa. Kullum da usur a wuyansa, da jar hula mai baki, da wandon motsa jiki wanda ya koɗe har ba a gane asalin launinsa. Mama ta taɓa gaya mini a kicin, murya ƙasa-ƙasa, cewa duk tarihin ƙwallonsa wasa ɗaya ne a makaranta, shi ma a benci ya zauna har aka tashi. Ta ce in na kuskura na maimaita ba ita ta haife ni ba. To ga shi na maimaita, Allah ya sa ba ta karanta wannan shafin.

Gidanmu da usur yake tafiya. Busa ɗaya a tashi daga barci, biyu a zo cin abinci, uku kowa ya bar abin da yake yi ya fito. A ƙofar kicin akwai sikeli, a bangon falo akwai allo mai zanen fili da kibiyoyi. Kabad ɗin da Mama ta jera kwanukanta na ado an kwashe su tuntuni an zuba kofunan gasa. Hotuna ashirin da wani abu ne a falon, duk na Yaya, ni sau ɗaya na fito, a can gefe, rabin fuska, ina riƙe da gorar ruwa. Akwai ranar da Mama ta cika mai a miya, Baba ya zaro katin gargaɗi daga aljihu ya ɗaga mata a gaban baƙi. Ta karɓa ta goge wuƙa da shi.

Yaya shi ne na fari, shi kaɗai ne namiji. Tun bai iya ɗaura wando ba Baba ya rubuta masa lamba tara a bayan singileti da biron ofis, har yau kuma 'yan unguwa Lamba Tara suke kiransa. Gaskiya ɗaya ce, Yaya ya iya ƙwallo. Ni da ban damu da wasan ba, in ya ɗauki ƙwallo sai in ga na miƙe tsaye ban sani ba. Ni kuwa da na zo mace, Baba bai tsaya ɓata lokaci wajen baƙin ciki ba, sai ya naɗa ni likitar ƙungiya. Ina da shekara goma ya saya mini farin akwati, ya zuba bandeji da auduga da almakashi da man zafi. Daga ranar sunana ya ɓata, kowa sai Likita. Ko aikin da nake yi yanzu a kantin magani shi ya samo mini, wai don ƙungiya ta riƙa samun kaya ba wahala.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Shekara bakwai da suka wuce, Yaya yana da sha tara na gaskiya, ni ina da sha bakwai, aka yi wani wasa da aka ce masu ɗaukar 'yan wasa daga waje za su zo kallo. Minti talatin da farawa wani ya taɗe shi, gwiwarsa ta dama ta murɗe. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ta kumbura, yana cizon rigarsa don azaba. Baba ya durƙusa, ya ciro fallen wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, ya miƙo mini ya ce, "Likita, ba shi biyu." Ni na ɓallo su, ni na zuba masa a tafin hannu, ni na miƙa masa ruwa. Ya koma fili ya ci ƙwallo biyu, Baba ya ɗauke shi a kafaɗa. Da aka je asibiti aka ce jijiyar tsagewa kawai ta yi da farko, gudun da ya yi a kanta ne ya ƙarasa tsinke ta. Mutanen wajen ba su ƙara kira ba. Ƙwayar ce ba ta tafi ba. Daga biyu ta koma huɗu, daga ranar ciwo ta koma kullum, har ya kai in bai sha ba ko kofin shayi ba ya iya ɗagawa. Na yi kukan wannan ranar har na gaji, kuma har gobe ina jin nauyinta a ƙirjina.

In ka tambayi Baba kuwa, Yaya yana "hutun rauni". Shekara bakwai ana hutu. Da kofunan kabad suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, Baba ya ce an kai su gogewa. Ranar da maƙwabta suka tsinto Yaya yana barci a bakin lambatu da rana tsaka, cewa ya yi ɗan wasa na gaske a ko'ina yana iya hutawa.

Sai Gola ya shigo rayuwarmu. Mai gyaran firji ne, dogo, mai sanyin magana, ƙaramin yatsansa na hagu a karkace. Tsohon mai tsaron raga ne, shi ya sa sunan ya bi shi. Firjin kantinmu ne ya lalace aka kira shi. Tun zuwan farko firjin ya warke, amma sai da ya zo duba shi sau uku. A zuwa na ukun ya ajiye sukundireba ya ce, "Kafin ki fara sona akwai abin da ya kamata ki sani."

Na ce, "Wa ya gaya maka zan fara?"

Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma kafaɗarsa ce ta goce a wani wasa, aka ba shi irin ƙwayar nan, ya yi shekara huɗu a cikinta. Yanzu shekararsa uku da dainawa. Ya tsaya yana jiran in kore shi. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina da yaya."

Daga nan duk Litinin da Laraba yake zuwa da babur ya ɗauki Yaya zuwa asibiti, wajen da masu son dainawa suke ganin likita suna zama tare. Baba ya ɗauka gidan motsa jiki suke zuwa, har yana ba su shawarar ƙarfen da za su fara ɗagawa. Makon farko na zaci Yaya mutuwa zai yi. Gumi, amai, hamma ba ƙaƙƙautawa, rawar sanyi ana tsakiyar zafi. Ni da Mama muna ta canza zanen gado, Baba ya leƙo ya ce, "Madalla, jiki yana fitar da tsohon kitse." Amma Yaya ya daure. Ya fara cin abinci, ya fara taje kai, har ya dawo da tsokanata yana ce mini likitar da ba ta da takarda. Ranar Alhamis ɗin nan kwanansa arba'in da huɗu ke nan bai sha ko ɗaya ba.

Ranar ce aka busa usur biyu muka zauna karin kumallo. Gaban Yaya dafaffen ƙwai huɗu da ayaba da madara, gaban sauranmu abin da ya samu. Baba ya ajiye wata ambulan a tebur ya gyara hula.

"Ƙungiya, ku natsu. Allah ya kawo mana wakili. Jibi Asabar akwai gwaji, wanda ya yi fice za a fita da shi waje. Na riga na sa sunan Lamba Tara."

Na jawo takardar na duba. Na sake dubawa.

"Baba, takardar nan ta ce Yaya shekararsa sha tara."

"A lokacin taro Koci nake."

"To Koci, in Yaya sha tara ne, ni nawa ke nan?"

"Ke ba kya cikin takarda."

Mama ta ajiye butar shayi ta ce, "Malam, ni dai na san wanda na fara haifa. Yaron nan jiya har furfura na gani a gemunsa."

"Za a aske gemun, safe da yamma."

Haka aka yi na wayi gari na girmi yayana da shekara biyar. Da ba don abin da ya biyo baya ba, da na sa shi ya fara gaishe ni a durƙushe.

Yaya ya ce a hankali, "Baba, gwiwar fa ba za ta..."

"Ciwon a zuciyarka yake. Minti arba'in da biyar kawai ake nema. Likita ta san abin da za ta yi."

Yaya ya ajiye cokalinsa. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai. Duk mun san abin da Baba yake nufi.

Kamar da gangan, yammacin ranar ne muka tsayar Gola zai zo gaishe da Baba karo na farko a matsayin mai neman aurena. Sau uku na canza kaya kafin na tsaya a kan doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, da gyale mai ɗan duhu, na fesa turaren da nake ɓoyewa a bayan akwati. Mama ta share falon sau biyu, ta jera sauran kofunan a gaba-gaba don kar a ga gurbin waɗanda suka tafi gogewa. Gola ya iso bayan la'asar cikin farar riga da ta sha guga, da ledar lemo a hannu.

Baba bai tambaye shi aikinsa ba, bai tambayi iyayensa ba. Cewa ya yi ya cire takalmi ya jingina da bango. Ya ɗauko tef ya auna tsawonsa, ya sa ya ware hannuwa ya auna, ya duba tafin hannunsa ciki da baya. Yana cikin magana sai ya ɗauki lemo ɗaya ya wurga masa ba sanarwa. Gola ya cafe da hannu ɗaya.

"Hmm," in ji Baba. "A danginku akwai gajere?"

"Akwai wani kawuna, Baba."

"Ta wajen uwa ke nan. Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai ne."

"Za a iya haƙuri da shi. In Allah ya kawo jika namiji, ranar da ya cika shekara uku ya zama nawa. Mun daɗe ba mu da mai tsaron gida."

Ina laɓe a bayan labule, dariya ta kama ni, sai kuma ta ɗauke. Yaron da ba a ma yi auren iyayensa ba har an ba shi lamba.

Bayan Gola ya tafi Baba ya kira ni bayan gida, inda yake zama yana goge takalman ƙwallon Yaya. Bai ɗago ba ya ce, "Yaron nan ya yi mini. Gobe ki taho da irin maganin nan daga kantinku, falle ɗaya. In Lamba Tara ya wuce gwaji, ranar Lahadi Gola ya turo manyansa."

"Baba, wannan maganin a kulle yake. Ba a bayarwa sai da takardar asibiti."

"To amfanin me na sa ki a wurin?"

Na shiga ɗaki na rufe, na ɗauki waya.

Ni: Ka ci jarrabawa. Saura sharaɗi ɗaya, in kawo falle ɗaya.

Gola: Na wane?

Ni: Ka sani.

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

Gola: Kar ki kawo. Ko shekara goma ce zan jira.

Ni: Shekara goma? Ka ga na yi maka kama da abin da ake ajiyewa a firji?

Gola: Da gaske nake. Guda ɗaya ta isa ta mayar da shi ranar farko. Ni sau biyu na koma, duk ta hanyar guda ɗaya.

Ni: To ka gaya masa ya ƙi zuwa mana.

Gola: Na gaya masa. Ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ce wa Baba a'a ba, bai san ta inda ake farawa ba.

Ba zan yi muku ƙaryar waliyyantaka ba. Ranar Juma'a mai kantin ta fita ta bar mini makullin kabad ɗin, na tsaya a gabansa ya fi minti biyar. Zuciyata tana ce mini biyu ne kawai, kwana ɗaya ne kawai, daga nan sai biki. Har na hango kalar labulen da zan sa a falona. Sai na tuna Yaya a makon farko, yana riƙe da bokiti yana ce mini in ya mutu kar in bari a ce hutun rauni ne. Na mayar da makullin cikin durowa na rufe. Da na koma gida na ce wa Baba mai kantin ta tafi da makulli. Ya dube ni ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ba ta kwanta mini ba.

Yau da safe muka je filin, ni da Baba da Yaya, Gola ya same mu a can. Filin wata makaranta ne, ciyawa a kusurwoyi kawai ta rage. Wakilin yana tsaye a inuwa cikin kwat mai sheƙi, da baƙin tabarau da takalmi mai tsini da waya uku. Duk bayan minti biyu sai ya kara ɗaya a kunne ya ce wa wani ya yi haƙuri jirgin ya cika, ni dai ban ji ko ɗaya ta yi ƙara ba. 'Yan shekara sha tara kuwa sun kai arba'in. Akwai mai sanƙo, akwai mai tumbi, akwai wanda 'yarsa ta ƙwalla daga gefe, "Baba ka ci su!" uwarta ta yi maza ta toshe mata baki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne layin iyaye. Ashe babanmu ba shi kaɗai ba ne. Ga su nan reras a bakin fili, kowa da hularsa da jakarsa, kowa yana nuna wa ɗansa yadda ake buga ƙwallon da shi bai taɓa bugawa ba. Wani har da kujerar naɗewa da littafi.

Yaya ya shiga da fuska duk yankan reza, rigar ta matse shi a ciki. Minti goman farko, wallahi, na ga yayana na da. Ya karɓi ƙwallo da ƙirji, ya yanke mutum biyu, ya miƙa ta inda ba wanda ya zata. Filin ya ɗauki ihu. Sai ya zo juyawa, ƙafar dama ta ƙi bin sa. Ya faɗi, ya tashi, ya ɗingiso zuwa bakin layi ya zube a gabanmu.

"Likita! Akwati!"

Na durƙusa na buɗe. A saman bandeji ga sabon falle nan kwance, guda goma cif. Ashe da na hana, Baba wajen mai tebur na bakin tasha ya je ya sayo, ya sa a akwatina da hannunsa.

"Ba shi biyu."

Na ce, "A'a."

Baba ya waiga bayansa, ya ɗauka da wani nake. "Me kika ce?"

"Na ce a'a, Baba. Ba zan ba shi ba."

Gola ya ƙaraso ya tsuguna. "Baba, ka yi haƙuri, akwai abin da muka ɓoye maka. Ba gidan motsa jiki nake kai shi ba, asibiti muke zuwa. Wannan maganin shi ya cinye masa shekara bakwai. Ni ma ya ci mini huɗu, na san shi."

Baba ya ja da baya. "Ashe ɗan ƙwaya ne yake neman 'yata? Ni na auna ka da hannuna!"

"Na daina, Baba, shekara uku ke nan. Shi kuma yau kwanansa arba'in da shida."

"Ɗana ɗan wasa ne! Rauni gare shi!"

Yaya kuwa idonsa yana kan fallen, yana haɗiyar yawu, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Na fizge fallen na cusa a jakata na ja zif. Daga inuwa wakili ya ɗaga murya, "Lamba tara, ka shigo ko a sa wani!"

Yaya ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa. Ya cire na dama da ƙyar, ya cire na hagu, ya jera su a gaban Baba.

"Baba, shekarata ashirin da shida. Gwiwar nan ta mutu tun ina sha tara na gaskiya. Na gaji."

Ya dafa kafaɗar Gola ya miƙe, ya kama hanyar fita da safa kawai a ƙafa. Baba ya busa usur sau uku da dukkan ƙarfinsa. Yaya bai waiwayo ba. 'Yan cikin fili ne suka tsaya cak, sun ɗauka an tashi wasa, mai tumbin har ya kwanta a ƙasa yana godiya ga Allah.

Gola ya tare mana tasi, ya ce zai tsaya ya ga yadda Baba zai koma gida, ko da zagi zai sha. A cikin motar farin ciki kamar ya kashe ni. Ina ta surutu, ina cewa yau sai na dafa masa abin da Baba ya hana shi ci shekara ashirin. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Kawo jakar in riƙe miki, kin sha kaya." Na miƙa masa, akwati a cinyata, ina tura wa Gola hoton zuciya har guda biyar.

Muna isa gida ya ba ni jakata ya shige ɗakinsa. Na tsaya ina ba Mama labari, tana share hawaye da bakin zane. Sai na ce bari in jefa abin nan a masai in huta. Na buɗe jaka. Na zazzage ta a kan gado, janbaki da caja da makulli duk suka zubo. Babu falle.

Da gudu na isa ƙofarsa, na murɗa, a kulle.

"Yaya! Yaya, don Allah ka buɗe!"

Can na ji muryarsa dab da ƙofa, daga ƙasa, alamar a zaune yake ya jingina da ita.

"Yana hannuna. Ban ɓalla ba."

"To turo mini ta ƙarƙashin ƙofa."

"Ba zan iya ba tukuna. Ban ma san lokacin da na ɗauka ba, Likita. Gwiwar kamar ana hura mata wuta. Kar ki tafi. Ki zauna nan ki yi ta magana."

Na zame na zauna a ƙasa da kayan fita a jikina. Na tura wa Gola saƙo, "Ya ɗauke. Ka zo yanzu." Ya amsa, "Ga ni nan. Kar ki yi masa faɗa, kar ki yi shiru." Mama ta zo ta zauna kusa da ni, bakinta yana motsi da addu'a.

Ni da ake cewa na cika surutu, yau sai da na nemi magana na rasa. Na ba shi labarin matar da take zuwa kantinmu neman maganin ƙiba, bayan kwana biyu mijinta ya zo neman na ramewa. Na ce masa tunda a takarda ni ce babba, daga yau shi zai riƙa wanke kwanuka. Na ce kawun Gola gajeren nan ni zan fara gayyata, in zaunar da shi kusa da Baba. Na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Sai kuma na ji ƙarar takardar maganin tana motsi a hannunsa.

Na ce, "Yaya, ni na fara ba ka. Da hannuna. Ka yafe mini."

Ya ce, "Yarinya ce ke lokacin. An ce ki bayar, kika bayar. An ce in sha, na sha."

"Yau dai mun ce a'a."

"Ke kika fara. Ni kwaikwayonki na yi."

Na ci gaba da zuba, abin da ke da ma'ana da wanda ba shi da ita, har muryata ta dishe. Ban san minti nawa muka yi a haka ba. Sai na ga gefen fallen ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa, a hankali, yana tahowa yana tsayawa, har ya fito gaba ɗaya a kan siminti. Na sunkuya na duba. Goma, ba wadda aka taɓa. Mama ta fashe da kuka.

Ban ji shigowar Baba ba. Ɗagowar da zan yi na gan shi tsaye a kanmu, takalman Yaya rataye a wuyansa, hularsa a karkace, idonsa ja. Na ɗauka haƙuri zai bayar, har zuciyata ta fara karyewa don tausayinsa.

Ya ce, "Wakili ya ce yaron yana da ƙafa. Ya yarda ya ba mu wata dama Asabar mai zuwa."

Ya sunkuya zai ɗauki fallen. Na miƙe na ɗora ƙafata a kai.

"Ɗaga ƙafarki."

"Ba zan ɗaga ba, Baba."

"In ba ki ɗaga ba, ki gaya wa mai firjinki kar ya ƙara tako ƙofar gidan nan. Da bakina na ba shi, da bakina zan karɓe."

Ina son Gola, jama'a, kun fi kowa sani. A daidai lokacin na ji tsayuwar babur ɗinsa a waje, hawaye suka zubo mini. Na ce, "Ga shi nan ya iso, Baba, ka fita ka gaya masa da kanka. Ni ba zan motsa daga nan ba."

Makulli ya juya a bayana. Ƙofar ta buɗe, Yaya ya ɗingiso ya tsaya a gefena yana dafe da bango, ya ɗaga ƙafar nan mai ciwo ya ɗora a kan rabin fallen da tawa ba ta rufe ba. Mama ta tashi ta tsaya a bayanmu. Baba yana duban ƙafafunmu, mu muna dubansa. A ƙofar gida kuwa Gola yana ta ƙwanƙwasawa, kuma ba wanda ya tafi buɗe masa.